3 Ga Agusta Da Masu Ɗora Mata Kaya

Gidajen rediyo da masu tura saƙonni ta salula sun koya mana wata al'ada: da sassafe a ce "a rana mai kamar ta yau", sai a jero abin da ya faru, da wanda aka haifa, da wanda ya rasu. Galibin jerin daga littattafan Turawa ake kwaso shi, a juya shi Hausa ko Zabarmanci nan take a kan iska. Ranar 3 ga Agusta ce kaɗai a shekara ɗan Nijar ke da tabbacin zai ji sunan ƙasarsa a ciki, shi ma layi guda: 1960, Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa. A saman layin akwai Kolombus, wanda ya tashi da jiragen ruwa uku daga Palos ta ƙasar Sifen a 1492. Akwai Jesse Owens, baƙar fatar Amurka da ya cinye tseren mita 100 a Berlin a 1936, a gasar da Hitler ya shirya don nuna fifikon jinsinsa. A ƙasan layin akwai juyin mulki biyu na Afirka da rasuwar marubucin Rasha Solzhenitsyn a 2008.

Ba na raina wannan jeri. Idan aka zauna aka karanta shi da idon ɗan ƙasar nan, ya fi jawabin biki koyarwa, domin yana nuna wanda aka rubuta wa rana da wanda ba a rubuta wa ba.

Mu ɗauki mutum biyu da suka mutu a wannan rana, shekara takwas tsakaninsu. Roger Casement ɗan Ayalan ne da ya yi wa Ingila aikin jakadanci a Kwango. Rahotonsa na 1904 ya tona asirin yadda ake yanke hannuwan mutane saboda roba a ƙasar da Sarki Leopold na Beljiyam ya mayar gonarsa. Ingila ta ba shi lambar girma, sannan ta rataye shi a Landan ranar 3 ga Agusta 1916, da ya nemi wa tasa ƙasar abin da ya nema wa Kwango. Na biyun Joseph Conrad ne, ya rasu ranar 3 ga Agusta 1924. Sun haɗu da Casement a Matadi a 1890. Littafin Conrad da ya fi shahara, Heart of Darkness, labarin wani Bature ne da mulki ba mai tsawatarwa ya haukata a tsakiyar Afirka, kuma a 1899 ya fara fitowa a wata mujalla. To a wannan shekarar ce daidai hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratsa ƙasar Hausa daga yamma zuwa gabas, suna ƙone garuruwa suna cika rijiyoyi da gawawwaki. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, suka ragargaza Birnin Ƙonni a watan Mayu. Abin da Conrad ya ƙaga a takarda, mutanen Ƙonni sun gan shi da idonsu.

Ga inda jerin ke yi mana rowa. An san ranar da Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Paris ta aiko ya tsayar da shi: 14 ga Yuli, a Ɗankori kusa da Tasawa. An san ranakun da sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Chanoine da Voulet a wajajen Maijirgi, kwana biyu zuwa uku bayan haka. Turawa uku, kowa da ranarsa da kabarinsa. Waɗanda suka mutu a Ƙonni kuwa har yau masana na jayayya kan yawansu, balle sunayensu.

Haka ma 3 ga Agusta 1914, ranar da Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Faransa. Kowane jeri na ɗauke da ita. Daga wannan yaƙi aka fara kwasar samarin Afirka ta Yamma da yawan gaske zuwa ramukan fama na Turai, kuma a cikinsa Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Amma da za ka tambayi manomin Gobir ko na Damagaram a watan nan na 1914 abin da ke faruwa a duniya, Kakalaba zai ce maka, yunwar da ta biyo bayan farin 1913 ta kashe mutanen da babu wanda ya ƙirga. Kakalaba ba ta da ranar farawa, don haka ba ta da gurbi a jerin safiya. Kakanninmu da irin waɗannan shekaru suke lissafi: shekarar fara, shekarar ƙyanda, shekarar da aka naɗa sarki wane. Ko yunwar 1984 sunan da talakawan gabas suka ba ta, El-Buhari, daga rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a lokacin ya fito. Lissafi ne mai ma'ana, ya san abin da ya taɓa tukunya. Sai dai yana mutuwa tare da mai riƙe da shi.

Sashen haihuwa ya fi ban dariya. A ranar aka haifi Edward Blyden a 1832 a tsibirin Saint Thomas, mutumin da ya koma Laberiya ya zama ɗaya daga cikin kakannin tunanin haɗin kan baƙar fata, ya kuma yi wa Musuluncin Afirka ta Yamma adalci a rubuce a zamanin da 'yan mishan ba sa yi. Ana kuma rubuta Habib Bourguiba na Tunisiya a 1903, kodayake masu tarihin rayuwarsa da dama na shakkar ranar. Shakka ba ta hana a mayar da ita ranar hutu a Tunisiya ba muddin yana kan mulki. Da Ben Ali ya ture shi a 1987, sai 7 ga Nuwamba ta zama ranar biki, ita ma ta bi mai ita a 2011. Mu a nan, wa za mu saka a sashen haihuwa? Tsararrakin da suka kafa ƙasar nan da yawansu "wajajen shekara kaza" aka rubuta musu a takarda, bayan wani ma'aikaci ya dubi tsawon yaro ko haƙoransa ya yanke hukunci. Da kwamfuta ta zo ta ƙi karɓar "wajajen", sai aka tura kowa 1 ga Janairu. Shi ya sa ranar sabuwar shekara ta fi kowace rana 'ya'ya a ƙasar nan, damina kuma kamar ba a haihuwa a cikinta. Har gobe akwai yaran da ba a neman musu takardar haihuwa sai jarrabawar ƙarshen firamare ta matso, a ruga wurin alƙali a tsara musu rana.

Mu dawo kan layinmu guda. Yaya aka yi 3 ga Agusta ta zama tamu? Ranar 11 ga Yulin 1960 a Paris, shugabannin ƙasashe huɗu na ƙawancen Entente suka sa hannu da Faransa kan miƙa mulki. Aka raba ranakun da tazarar kwana bibbiyu: Dahomey 1 ga wata, Nijar 3, Haute-Volta 5, Kodebuwa 7, yadda manyan baƙi za su gama biki a wannan birni su hau jirgi su tarar da na gaba. Ba wani yaƙi ko wata waƙi'a ta tarihinmu ce ta zaɓi ranar ba, jadawalin tafiya ne. Wannan bai rage mata daraja ba, amma ya kamata a faɗa wa 'yan makaranta. Yamai a lokacin ba ta wuce mutum dubu 30 da 'yan kai ba, babu gada a kan kogi sai a 1970, babu jami'a sai a 1971, yaran da ke zuwa lakwal a faɗin ƙasa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da wannan shugaban ƙasa na farko Diori Hamani da shugaban majalisa Boubou Hama suka karɓi ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Duk mai zagin mutanen farko ya fara auna wannan.

Amma akwai wanda ba ya wurin bikin, kuma shi ne ya fara neman abin da ake bikin. Djibo Bakary, ɗan'uwan Diori, magajin garin Yamai na farko a 1956 kuma shugaban gwamnatin cikin gida, shi da jam'iyyarsa ta Sawaba ne suka ce a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumbar 1958, wato a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Gini ta yi. Paris ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana sauran 'yan makonni. Aka juya sarakuna, aka baza sojoji, "i" ta samu kusan kashi 78, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Kafin shekara ta ƙare Djibo ya sauka, a Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. Ranar da aka ɗaga tuta a Yamai, wanda ya ce a ba mu 'yanci yanzu yana gudun hijira, wanda ya ce a dakata shi ke karanta shelar. Abin da ya biyo baya ba mai daɗin ji ba ne ga kowane ɓangare: 'yan Sawaba sun shigo da makamai a 1964, an harbe wasunsu a bainar jama'a, an jefa wa Diori gurneti a filin idi a Afrilun 1965, ɗaruruwa sun sha ɗauri. 'Yan kamasho, direbobi, 'yan koli, dillalan gyaɗa, su ne jikin Sawaba, kuma littafi mafi girma da aka rubuta a kansu wani ɗan Holan ne, Klaas van Walraven, ya yi yawo gari-gari ya tattara bakin tsofaffinsu ya fitar a 2013. Mun gode masa, amma abin da kunya.

Kuma 'yancin da aka karɓa da igiya a ƙafa ya zo. Yarjejeniyar tsaro ta 24 ga Afrilun 1961 ta ba Faransa fifiko a kan ma'adanan da ta kira masu muhimmanci ga tsaro, uraniyom a cikinsu, shekara goma kafin a fara fitar da shi daga Arlit.

Daga nan ranar ta zama jakin gayya, kowa ya zo da kayansa ya ɗora. Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, a ƙarshen farin da ya cinye dabbobin ƙasar. Bai iya soke ranar 'yanci ba, bai kuma so ta ci gaba da zama ranar tuna mutumin da ya ɗaure ba. Daga 1975 sai 3 ga Agusta ta zama kuma ranar dashen itatuwa, aka kai faretin da kiɗan wasu ranaku, ciki har da 15 ga Afrilu tasa. Wanda ya ce siyasa ce ya yi gaskiya: a farkon watan Agustan nan na 1975 aka kama mataimakinsa Sani Souna Sido tare da Djibo Bakary, wanda bai daɗe da dawowa gida ba, bisa zargin shirya juyin mulki. Wanda ya ce hikima ce shi ma ya yi gaskiya. Farkon Agusta tsakiyar marka ce, ƙasa ta sha ta ƙoshi, dashe na iya kamawa. Cikin duk abin da aka ɗora wa ranar nan, wannan ne kaɗai ya dace da watan da ta faɗo a ciki. Yau 15 ga Afrilu ba wanda ke hutu dominta, dashen kuwa yana nan.

Tambayar ita ce ina itatuwan. Kowace shekara shugaba ya durƙusa da babbar riga ko kaki, a miƙa masa butar ban ruwa, a ɗauki hoto, a faɗi yawan dashen da aka raba. Ban taɓa jin an dawo a watan Afrilu, bayan rani da awaki sun yi nasu aikin, an faɗi nawa suka rayu ba. Kurmin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da Yamai tun 1965 don ya tare iska da rairayi, yau filaye da gine-gine da juji sun cinye wani babban yanki nasa, kuma ba talaka ne ke sa hannu a takardun filayen ba.

Dajin da ya dawo da gaske, ba a ranar biki ya dawo ba. Tun daga dokar gandun daji ta 'yan mulkin mallaka ta 1935, itace na hukuma ne, ko a tsakiyar gonarka ya tsiro. Manomi ya san in ya bar gawo ya girma, ranar da ya sare reshe ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara, don haka yake kashe shi tun yana toho. A farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo suka lura kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu na da rai. In ka zaɓi toho biyu ko uku ka bari, ka rage sauran, cikin 'yan shekaru ka samu itace ba tare da gandun reno ko butar ban ruwa ba. Sassaben zamani ake ce masa. Fari na 1984 ya tura mutane gare shi, raunin da hukuma ta yi daga baya ya sa ba mai hana su, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Duk duniya ana kawo Nijar misali a kan wannan. Sai a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Babban abin da ƙasar nan ta yi tun 1960 ke nan, a ganina, kuma ba shi da rana, ba shi da layi a jerin kowa, ba a san sunan manomin farko da ya ɗaga addarsa ya fasa sara ba.

Sauran abubuwan da suka faɗo a ranar na masu mulki ne, kuma Yamai ta ga nata rabo. Ranar 3 ga Agustan 2005 jirgin Maaouya Ould Taya na Muritaniya ya sauka a filin jirgin Diori Hamani. Yana dawowa ne daga jana'izar Sarki Fahd a Saudiyya, sojojinsa suka karɓe Nuwakshot a bayansa, kamar yadda shi ma ya karɓe ta a 1984 lokacin da maigidansa ke taro a Bujumbura. Shugaba Tandja Mamadou ya sauke shi na 'yan kwanaki kafin ya wuce Gambiya, daga can Katar. Shekara huɗu da kwana ɗaya bayan haka, 4 ga Agustan 2009, mai masaukin ya shirya ƙuri'ar tazarce, cikin wata bakwai shi ma sojoji suka fitar da shi. A Ikwatoriyal Gini, 3 ga Agusta ranar hutu ce saboda a ranar ce a 1979 Obiang ya kifar da ɗan'uwan mahaifinsa Macías. A Gini Bisau ma ana raya ranar, amma don tuna 'yan dakon tashar jirgin ruwa ta Pidjiguiti, kimanin 50, da 'yan sandan Fotugal suka harbe a 1959 suna yajin aiki kan albashi. Rana ɗaya, ƙasa ɗaya na tuna wanda ya hau, ɗaya na tuna waɗanda suka faɗi. Na san wadda na fi so mu yi koyi da ita.

Ta 2023 kuwa kowa ya gani. Mako guda bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum, dubban mutane suka cika dandalin da ke gaban majalisa. A ranar aka katse RFI da France 24. A ranar tawagar ECOWAS ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta sauka ta koma ba tare da ta ga jagoran sojojin, Janar Tiani, ko Bazoum ba. A ranar wata jaridar Amurka ta buga kiran neman agaji da sunan Bazoum. Da dare aka karanta sanarwar soke yarjejeniyoyin soja da Faransa, kuma kafin ƙarshen Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya tashi. Masu goyon baya sun ce a ranar aka kammala abin da aka fara a 1960, masu adawa sun ce an yi amfani da ranar ne aka rufe wata magana. Tarihi zai yi musu alƙalanci, in an bar masa takardu da shaidu na ɓangarorin biyu. A 2024 an mayar da 26 ga Yuli, ranar da aka tsare Bazoum, ranar hutu ta ƙasa. Ba sabon abu ba ne, kowace gwamnati da tata rana take zuwa, kuma wanda ya san labarin 15 ga Afrilu ba ya gaggawar cewa wacce za ta daɗe.

Ba na cewa talakawan Nijar ba su da rana ko ɗaya. Ɗalibai sun riƙe 9 ga Fabrairu da haƙori tun da aka harbe 'yan'uwansu uku a gadar Kennedy a 1990. Mata sun ƙwaci 13 ga Mayu da tattakin da suka yi a 1991, da aka nemi a shirya taron ƙasa da mace ɗaya tak a kwamitin shiri. Waɗannan ranaku sun rayu ne don akwai masu su, ba don doka ba. Abin da 3 ga Agusta ke buƙata ke nan. Kada a bari ta ƙanƙance ta zama ranar buta da hoto, kada kuma a jefar da ita don Faransa na cikin labarinta. A faɗi labarin duka, da Diori da Djibo, da 1958 da 1961, a makaranta da rediyo, da harsunan da mutane ke ji. Tunda kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ga aikin farko: jerin "rana mai kamar ta yau" wanda aka rubuta daga nan, ba wanda aka juyo ba, a Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci.

Kayan aikin suna nan cikin Yamai. Akwai ma'ajiyar takardun ƙasa. Akwai cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, mai dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, da yawansu ɗauke da ranakun Hijira na rasuwar malamai da naɗin sarakuna. Akwai CELHTO, wadda tun 1968 aikinta ɗaukar tarihin baka. Akwai abin da Djibo Hamani da André Salifou da Boureima Alpha Gado suka riga suka rubuta, wanda ke kwance da Faransanci inda manomin Aguié ba zai kai gare shi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci. Yaron da ke da shekara 15 ranar da aka ɗaga tuta, yanzu ya kai 80. Kowane ɗan sakandare na da salular da ke ɗaukar murya, kowace unguwa na da tsoho ko tsohuwar da ta san inda take a daminar 1960, da abin da aka ci a 1973, da wanda ya fara barin gawo a gonarsa. A ba 'yan makaranta wannan aikin a hutun damina, kowa ya kawo murya ɗaya da sunan mai ita da garinsu, ma'aikatar magajin gari ta ajiye. Ita kuma hukumar gandun daji, kafin ta raba sabon dashe a bana, ta fara karanta mana a rediyo nawa ne suka rayu cikin na bara, jiha-jiha.